Daga Wukari Zuwa Nukkai: Bin Sawun Kasafin Kuɗin Taraba

A watan Disambar 2024 Gwamna Agbu Kefas ya kai wa Majalisar Dokokin Jihar Taraba kasafin kuɗin shekarar 2025, na kusan naira biliyan 430. 'Yan majalisa suka duba suka amince, gwamna ya sa hannu. A ɗakin labarai irin wannan batu ba ya wuce layi biyar: nawa aka ware, wane ɓangare ya fi samun kaso, me kakakin majalisa ya ce. Daga nan an rufe shafi ke nan, sai baɗi. Na daɗe ina ganin aikinmu na 'yan jarida yana tsayawa ne daidai inda ya kamata ya fara. Shi ya sa da Janairu ta kama na ɗauki jaka na nufi Jalingo, domin in ga abu huɗu da idona: inda kuɗin ke sauka, halin da wutar lantarki ke ciki, tsaro, da rayuwar 'yan mazan jiya waɗanda ƙasa ke tunawa da su ranar 15 ga watan.

Ban zaɓi unguwar manya ba. Nukkai na zaɓa, unguwar da ke bakin kogin Lamurde a kan hanyar da ta fito daga Wukari. Duk wanda ya taso daga kudancin jihar ta nan yake shiga babban birni, kuma mazaunanta ma'aikata ne, da ɗalibai, da manoma, da masu sana'ar hannu, Musulmi da Kirista, kowa da harshen gidansu, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa.

Hanyar Wukari

Da sassafe motarmu ta bar tashar Wukari, hazon hunturu ya rufe gari, fasinja kowa ya ƙudundune. Hanyar tana ratsa ƙasa mai albarka. A Ɗan Anaca doya ce tuli-tuli, manyan motoci na lodi zuwa kudu da arewa. A Tella mata ne ke zagaye mota da tiren bandar kifi. Hagu da dama fadamu ne da aka girbe shinkafa, shanu na kiwo a cikin karmami. Wanda ya bi wannan hanya ba zai ce Taraba matalauciya ce ba.

Sai muka iso Namnai, a ƙaramar hukumar Gassol, inda ambaliyar daminar 2024 ta karya gada. Da yake rani ne ruwa ya ja, motoci na gangarawa ta wata ratse da aka share, ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙura. Direbanmu ya ce lokacin da ruwa ke cike, sai dai fasinja ya sauka ya shiga kwale-kwale, ya nemi wata mota a tsallake, kaya kuma a biya masu dako sau biyu. Wani dattijo da ke gefena, mai fataucin hatsi, ya juyo ya ce, "Malam, duk kuɗin da ka ga an ƙara a nan, a kan mudu yake ƙarewa. Mai saye a Jalingo shi ke biya."

Hanyar ta gwamnatin tarayya ce, ba ta jiha ba. Wannan magana ta "na tarayya ne" ita ce na yi ta ji har na bar Taraba, kuma gaskiya ce. Sai dai mai fataucin hatsi bai san ofishin kowa a Abuja ba. Ɗan majalisar mazaɓarsu ya sani, ya san gidansa, ya san mahaifinsa.

Daf da Jalingo muka wuce Iware, garin da ke da babbar kasuwar shanu a ƙaramar hukumar Ardo Kola. A nan ne bam ya tashi a wata mashaya ranar 19 ga Afrilun 2022, ranar kasuwa, aka rasa rayuka. Ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta kai harin. Babu wanda ya tayar da zancen a mota, amma direba ya nuna mini wajen da hannu.

Gadar Nukkai

Na sauka a bakin gadar Nukkai da la'asar. Da rani Lamurde yashi ne shimfiɗe, ruwa siriri na bin tsakiya, samari na loda yashi a tifa, masu lambu na ban ruwa ga alayyafo da kuɓewa a gaɓa. Wanda ya gan shi a haka ba zai yarda cewa shi ne kogin da ya cika a watan Agustan 2005 ya karya tsohuwar gada ya tafi da mutanen da ke kanta ba. Manyan unguwar ba su manta ba. Wata mai sayar da ƙosai da na zauna a bencinta ta ce har yau in hadari ya haɗo a watan takwas, ba ta barin jikokinta su je bakin kogi.

Na tambaye ta ko ta ji an yi kasafin kuɗi. Ta ce ta ji a rediyo. Abin da ta riƙe daga gwamnati mai ci shi ne karatu kyauta a firamare da sakandare da aka sanar a 2023, don jikokinta biyu sun koma aji. "Amma ɗana," in ji ta, "aji ya cika maƙil. A ƙara malamai, a ƙara kujeru." Ta faɗi abin da aka yi, ta faɗi abin da ya rage, ba ta ƙara ba ta rage ba. Irin wannan lissafi nake fatan ji daga kwamitocin majalisa.

Wuta

Washegari na shiga layin masu walda da injin niƙa a bayan kasuwa. Ƙarar janareta ce ta tarbe ni tun daga nesa. Wani mai walda, ƙofar ƙarfe a gabansa rabi a haɗe, ya ce aikinsa ya koma bin sawun wuta: in ta zo da tsakar dare, da tsakar daren yake tashi. In ba ta zo ba sai man fetur, wanda kafin cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta kai wajen naira 1,000. Yaran shagonsa ya rage su, don ba kullum ake samun na sallamarsu ba. Mai injin markaɗe da ke kusa da shi ta ce mata da yawa sun koma turmi. Masu ƙanƙara da ruwan sanyi kuwa suna jiran zafin Maris da fargaba.

Wutar Jalingo daga nesa take zuwa. Babban layi ne ya taso daga Jos zuwa Gombe, ya wuce Yola, sannan ya iso nan, kamfanin rarraba wuta na Yola kuma shi ke raba ta a Taraba da Adamawa da Borno da Yobe. Jalingo na can ƙarshen igiya. Da ɓarayi suka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, yankin Arewa maso Gabas ya shafe makonni cikin duhu. A Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta sake shiga irin wannan hali.

Abin da ke ci wa mutanen nan rai shi ne sun san arzikin ruwan da Allah ya ba jiharsu. Tun shekarun 1980 ake maganar tashar wutar Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna, wadda aka tsara za ta ba da megawat 3,050, alhali abin da ƙasar gaba ɗaya ke rabawa yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. An ba da kwangila a 2003, rigima ta biyo baya har gaban kotun sasanci a birnin Faris. A 2017 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabuwar kwangila ta kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin ƙasar Sin. Ɗan jihar, Sale Mamman, ya riƙe ma'aikatar wuta daga 2019 zuwa 2021, a lokacinsa aka ce an rage girman aikin zuwa rabi. Yaran da aka haifa lokacin da aka fara zancen yanzu suna aurar da 'ya'ya, Mambila ba ta kunna ƙwan fitila ko ɗaya ba.

Wadda ta tabbata ita ce Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, madatsar da aka gina a kan kogin Katsina-Ala domin tare ruwa idan bangon tafkin Nyos na Kamaru ya fashe. Tana ba da megawat 40, an ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023, layinta ya bi ta Takum da Wukari ya shiga Binuwai. Can kan tsaunin Mambila kuma akwai 'yar ƙaramar madatsar Tunga da ke ba masana'antar ganyen shayi ta Kakara wuta. Darasin a fili yake: ƙananan ayyuka sun kammala, babban yana nan a takarda.

A nan majalisar jiha ke da abin yi, kuma sabon iko ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka kan samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakarsu. A watan Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki. Jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun riga sun karɓi ragamar kula da kasuwar wutarsu. Jihar da ke da koguna masu gangarowa daga tsaunuka, ga rana mai ƙarfi, ba ta da dalilin jiran Mambila kafin mai walda a Nukkai ya samu wutar yini. Ƙaramar tashar sola da za ta ɗauki kasuwa guda da layin masu sana'a ba ta fi ƙarfin kasafin jiha ba. Abin da take bukata doka ce mai ba masu zuba jari tabbaci, da layi a kasafi, da kwamitin da zai je ya duba ko an kafa.

Tsaro

Kwana uku bayan harin Iware, daren Juma'a 22 ga Afrilun 2022, wani bam ya tashi a nan Nukkai, kusa da wata mashaya, mutane da dama suka ji rauni. Wani matashi da ke cikin 'yan sintirin unguwa ya kai ni wajen. Yanzu shaguna ne, rayuwa ta ci gaba. Ya ce tun daga lokacin ba sa barin baƙo ya kama ɗakin haya sai mai unguwa ya sani, masallatai da majami'u kuma kowa na da masu duba jaka a ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne tawagar tasu ta haɗa kowa. Waɗanda suka dasa bam sun so a wayi gari ana kallon juna da zargi, unguwar ta ƙi.

Kayan aikinsu tocila ne da usur da gora. Gida-gida ake karo-karo a saya musu batir da shayi. In sun kama ɓarawo, ofishin 'yan sanda suke kai shi. Ya ce ba bindiga suke nema ba: fitilun titi a lungunan da suka gangara kogi, da horo, da katin shaida, da tabbacin cewa in ɗayansu ya ji rauni a bakin aiki akwai mai biyan kuɗin asibiti.

Jalingo ta san tashin bam tun 30 ga Afrilun 2012, lokacin da aka kai wa ayarin kwamishinan 'yan sanda hari. Gwamnatoci sun sha hana hawa babur a cikin gari saboda tsaro, shi ya sa Keke Napep ta zama abin hawan kowa. Wajen gari kuwa matsalar ta fi yawa: garkuwa da mutane, rikicin manoma da makiyaya, faɗan Tibi da Jukun a kudu. Sojoji na nan, akwai Birged ta 6 a Jalingo, da bataliya a Takum da Serti. Amma soja da ɗan sanda duka na tarayya ne, gwamna ba ya ɗauka, ba ya kora.

Majalisa ta gwada nata ƙoƙarin. A 2017 ta yi dokar hana kiwon sake da kafa wuraren kiwo, Gwamna Darius Ishaku ya sa hannu, aka kafa jami'an da za su tabbatar da ita. Makiyaya suka ce ba a saurare su ba, kuma ba a tanadi wuraren da za su koma ba. A farkon 2018 aka amince a dakatar da aiwatarwa domin a sake dubawa. A 2019 aka tsananta hukuncin masu garkuwa da mutane har zuwa kisa. Tsananin hukunci ba ya aiki sai an kama, an bincika, an gurfanar, shaida ya samu kariya. Duk waɗannan kuɗi suke ci, kuma a kasafi ake ganin ko da gaske ake. Dokar da aka yi ba tare da an zauna da waɗanda za ta hau kansu ba, ko aka yi ta ba a ware mata kuɗi ba, a cikin kundi take tsufa.

'Yan mazan jiya

Taraba ƙasar sojoji ce. Janar T. Y. Danjuma ɗan Takum ne, gwamna mai ci kuma Laftanar Kanar ne mai ritaya. Amma yawancin waɗanda suka sa kaki ba su kai ko kusa da nan ba. Ɗaya daga cikinsu na samu yana gadin wani gida a Nukkai, dattijo mai tsayuwa sak, takalminsa a goge. Ya yi Laberiya a rundunar ECOMOG a shekarun 1990, ya fita da muƙamin saje.

Na gaishe shi na ce, "Baba, ga shi ana shirin ranar tunawa da ku."

Ya ce, "Madalla, yaro. Ana busa bigila, a ajiye furanni, a saki tattabaru, mu yi fareti. Ina jin daɗin ranar, don ina tuna abokaina da ba su dawo ba. Amma matansu da 'ya'yansu suna nan sauran kwanakin shekara."

Ranar 15 ga Janairu ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ta zo akan ƙaddamar da sayar da tambarin tunawa, gwamnoni da manyan ma'aikata su yi alkawarin gudummawa ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Fansho kuwa daga hukumar fanshon soja da ke Abuja yake fitowa. A Disambar 2024 da Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman haƙƙoƙinsu da suka maƙale. Baba ya ce ya ji labarin a rediyo, ƙarfinsa da aljihunsa ba su kai shi Abuja ba.

Fansho ba hurumin majalisar jiha ba ne, amma akwai abin da ke hannunta. Tana iya mayar da gudummawar shekara-shekara ta zama layi tabbatacce a kasafi, wanda ake bayar da bayanin yadda aka kashe shi. Tana iya tanadar tallafin karatu ga marayun sojoji da 'yan sanda 'yan jihar, da sanya matan da aka bari cikin inshorar lafiya ta jiha. Akwai kuma abin da na gani da idona: a unguwa ɗaya ga matasa 'yan sintiri masu neman horo, ga tsohon saje da ya san sintiri da tattara bayanai da ladabin aiki, yana gadin ƙofa. Doka ƙarama da alawus madaidaici za su haɗa su.

Zauren majalisa

Daga Nukkai zuwa majalisa tafiyar Keke ce ta 'yan mintuna. Kujeru 24 ne a zauren, na ƙananan hukumomi 16, biyu daga ciki na Jalingo. Kakakin majalisa shi ne John Kizito Bonzena, mai wakiltar Zing. Na zauna da abokan aiki da suka daɗe suna ɗauko rahoto daga can, muka baje takardu.

Kasafin ƙarshe na gwamnatin Darius Ishaku, na 2023, bai kai naira biliyan 200 ba. Na 2024 da aka gabatar ya kai biliyan 311, na 2025 ya doshi 430. Ƙarin na da dalili: bayan cire tallafin mai da sakin naira, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Sai dai dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a ƙarshen 2024, siminti da ƙarfe da taransifoma duk sun bi ta, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma naira 70,000 a 2024. Kuɗin da jihar ke tarawa a cikin gida kaɗan ne in an gwada da abin da take kashewa, don haka sai a haɗa da bashi. A 2023 majalisa ta amince wa gwamna ya ciwo sama da naira biliyan 200 daga bankuna. Bashi ba laifi ba ne in ya zama hanya da makaranta da wuta, amma daga kason wata-wata ake cire shi, kuma jikokin mai ƙosai na cikin masu biya.

Tsarin mulki ya ba majalisa makamai. Sashe na 120 da na 121 sun hana a taɓa kuɗin jiha sai da amincewarta. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha gare ta zai kai rahotonsa. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken duk ma'aikatar da ke kashe abin da ta ware. Amincewa da kasafi aikin makonni ne. Bin diddigi shi ne aikin sauran watannin, kuma a can ake gane bambancin kuɗin da aka ware, da wanda aka saki, da wanda ya zama aiki. Jihohin Najeriya yanzu suna wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet, da Turancin akawu, cikin jadawalin da ko mai digiri sai ya yi da gaske.

Mutanen da na zauna da su a Nukkai ba su nemi abin da ya gagara ba, kuma sun san iyakar ikon jiha. Abin da ya rage shi ne a ba su hanyar bin kuɗinsu. Duk wata uku gidan rediyon jihar ya karanta rahoton da Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun da Tibi, mazaɓa bayan mazaɓa. Kwamitocin kasafi da wuta da tsaro su riƙa fita zaman jin ra'ayin jama'a a filin firamare, kafin a rubuta kasafi da kuma bayan an fara kashe shi. 'Yan majalisar Jalingo biyu su zo da takarda a hannu su ce ga abin da aka sa wa unguwarku, ga abin da aka saki, ga ɗan kwangila, ga ranar gamawa. Mu kuma 'yan jarida mu daina rufe shafi a Disamba. Rahoton wata ukun farko na fita bayan Maris, kuma a lokacin ne ya kamata editoci su sake tura wakilansu Jalingo, kafin ruwan sama ya sauka a Namnai.